Huiyuan, malamin Dutsen Lu da ya ƙi faɗuwa gaban sarki

Dutsen Lu yana lardin Jiangxi na ƙasar Sin, tsakanin kogin Yangtze da tafkin Poyang. A shekarar 1996 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Amma tun da daɗewa wani malamin addinin Buda, Huiyuan, ya fito da sunan dutsen.

An haifi Huiyuan a shekarar 334 a arewacin ƙasar, yankin da ake kira Shanxi a yau. Ya fara da karatun littattafan Konfushiyas da na Tao. Yana da kimanin shekara 21 ya haɗu da babban malami Dao'an, ya aske kansa, ya bar gida, ya bi shi fiye da shekara 20. Yaƙi ne ya raba su, lokacin da sojojin arewa suka kewaye birnin Xiangyang a 378. Huiyuan ya nausa kudu har ya iso Dutsen Lu, inda gwamnan yankin ya gina masa gidan ibada na Donglin.

Sama da shekara 30 ya yi bai sauka daga dutsen ba. Ko baƙo zai raka, iyakarsa wani rafi da ke bakin gidan. A shekarar 402 ya tara mutum 123 suka ɗauki alkawari gaban mutum-mutumin Amitabha, abin da ya sa ɗarikar Jingtu ke ɗaukarsa a matsayin shehunta na farko.

Jarrabawa mafi girma ta zo daga Huan Xuan, janar ɗin da ya ƙwace babban birni, ya nemi a tilasta wa malaman Buda su riƙa faɗuwa gaban sarki. Huiyuan ya ba shi amsa a rubuce. A ganinsa, mabiyi mai gida da iyali wajibi ne ya girmama sarki da iyaye, amma wanda ya saki duniya ba ya cikin wannan tsari, kuma ƙasa na amfana da tarbiyyar da yake yi wa jama'a. Huan Xuan ya janye umarnin. A 404 Huiyuan ya tattara hujjojinsa cikin littafi, wanda aka yi ta komawa gare shi duk lokacin da fada ta sake tada maganar.

Ya rasu a 416, a kan dutsen. Har yau masu ziyara na zuwa Donglin.