Abdulƙadir Ɗan Tafa Da Tambayar Da Ba Ta Hawa Sikeli

Idan manomi a garinmu Dugabau ya tambayi yaushe damina za ta kankama, masana yanayi suna da amsa, kuma samaniya da kanta za ta gaskata su ko ta ƙaryata su. Amma idan ya tambayi mene ne rai, ko me ya sa zalunci ya zama abin ƙi, babu na'urar da za a ɗora wa wannan. Ta farko tambayar kimiyya ce, ta biyu ta falsafa. Abin takaici, da yawa daga cikinmu 'yan boko mun ɗauka ta biyun ɓata lokaci ce, wasu kuma na ganin baƙuwa ce daga Turai. Ni kuwa duk sa'ad da na ji haka, Shehu Abdulƙadir ɗan Mustafa nake tunawa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa.

An haife shi a 1804, shekarar hijirar kakansa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifiyarsa ita ce Nana Khadija 'yar Shehu, mahaifinsa kuwa Malam Tafa, magatakardan Shehu. Ya sha tasawwufi a hannun kawunsa Muhammadu Sambo. Yana ɗan shekara kusan 20 ya rubuta Raudatul Afkar, tarihin sarakunan ƙasar Hausa. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sadu da shi, ya kuma shaida cewa ya yi wa malaman Sakkwato na zamanin zarra.

Inda ya fi burge ni shi ne littafinsa Futuhatur Rabbaniyya. A ciki ya bi ra'ayin masu cewa rayuwa ba ta wuce jiki da ɗabi'a ba, ya warware shi da hujja. Bai yi fatali da ilimin ɗabi'a ba, domin ya karance shi, bai kuma ji tsoron littattafan masana falsafa ba. Abin da ya ƙi shi ne a ce wanda ya san yadda jiki ke aiki ya gama sanin dalilin samuwarsa. A nan sikeli ba ya raba gardama, sai dai hujja ta kara da hujja, shi ya sa har yau muhawarar ba ta mutu ba.

Ya zauna a Salame yana karantarwa, ya rasu a 1864.