Per Henrik Ling: Malamin Takobin Da Ya Mayar Da Motsa Jiki Magani

A nan Zangon Kwatano, idan ɗan dako ya gurɗe baya, ko babur ya kayar da ɗan zemijan, ko kuma hawan jini ya shanye wa dattijo ɓarin jiki, mukan ji likita ya ce a kai shi wurin “kine”, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Yau za mu waiwayi tarihin mutumin da ya kafa harsashin wannan sana'a.

An haifi Per Henrik Ling ranar 15 ga Nuwamba, 1776, a ƙauyen Södra Ljunga da ke kudancin ƙasar Suwidin. Mahaifinsa limamin coci ne, ya kuma rasu tun Ling yana ƙaramin yaro, daga baya mahaifiyarsa ta bi. Haka ya tashi maraya, ya yi karatun addini a jami'o'in Lund da Uppsala.

A shekarar 1799 ya tafi birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak, inda ya shafe kusan shekara biyar. A can ne ya koyi wasan takobi a hannun wasu Faransawa, ya kuma riƙa halartar makarantar motsa jiki ta Franz Nachtegall. Masu rubuta tarihinsa sun ce yana fama da sanyin ƙashi a hannu, sai ya lura cewa atisayen takobi na yau da kullum yana sassauta masa ciwon. Daga nan ya shiga tunanin wane motsi ne ke warkarwa, wane ne kuma ke ƙara ɓarna.

A 1805 aka ɗauke shi malamin takobi a Jami'ar Lund. Ya koma ya zauna da ɗaliban likitanci, ya karanci ƙirar jikin ɗan Adam, ƙashi da tsoka da jijiya, da yadda kowanne ke aiki. Ra'ayinsa shi ne, wanda bai san abin da ke ƙarƙashin fata ba, bai cancanci ya lanƙwasa gaɓar wani ba.

Da amincewar gwamnati, a 1813 ya buɗe babbar cibiyar horar da malaman motsa jiki a birnin Stockholm. Ya kasa ilimin gida huɗu: na 'yan makaranta, na sojoji, na marasa lafiya, da na nuna gwaninta. A ɓangaren marasa lafiya, akwai motsin da majinyaci ke yi da kansa, akwai wanda malami ke yi masa idan gaɓar ta mutu, akwai kuma wanda yake yi malamin yana tokare shi don tsoka ta yi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa sashen gashi zai shaida cewa har gobe ana amfani da waɗannan ukun.

Da farko likitoci da dama sun ɗauke shi ɗan wasa mai shisshigi. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse: a 1831 ƙungiyar likitocin Suwidin ta karɓe shi mamba, a 1835 kuma aka shigar da shi majalisar marubutan ƙasar, domin marubucin waƙoƙi ne. Ya rasu ranar 3 ga Mayu, 1839, yana da shekara 62. Almajirinsa Lars Gabriel Branting ya gaje shi a cibiyar, wani almajirin kuma, Carl August Georgii, ya wallafa littafi da Faransanci a birnin Paris a 1847 mai suna Kinésithérapie. Daga wannan suna ne kalmar “kine” ta iso bakinmu.

Mun kawo tarihin nan ne saboda yadda wasunmu kan ɓata fuska idan yaro ya ce zai karanci ilimin motsin jiki a jami'a, a ce guje-guje da tsalle-tsalle ai ba karatu ba ne. Alhali a Kwatano akwai makarantar kine a tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Abomey-Calavi, a Porto-Novo kuma akwai cibiyar INJEPS mai horar da malaman motsa jiki. A Nijeriya, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna koyar da fannin.

Sai dai iyaye su bambance kafin su biya kuɗin makaranta. Ilimin motsin jiki yana fitar da malamin makaranta ko mai horar da 'yan wasa, yana kuma share fagen ƙarin karatu a harkar lafiya. Shi kuwa duba majinyaci a asibiti, sai wanda ya karanci gashin ƙashi ya kuma samu lasisi.

Mun gaji maɗora da wanzamai tun kaka da kakanni, hannunsu ya taimaki jama'a. Abin da muke fata shi ne mu ga 'ya'yanmu maza da mata sun shiga wannan fanni, ta yadda tsohuwar da aka kai gashi za ta iske mai jin Hausa, ta nuna mata inda ke ciwo ba sai da tafinta ba.