Farfesa Olikoye Ransome-Kuti: Likitan da ya kai asibiti ƙofar talaka

A ranar 1 ga Yunin 2003 Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya rasu a birnin Landan, inda ya je halartar wani taro na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana da shekara 75.

Matasan yau da yawa ba su san shi ba. Waɗanda suka taɓa jin sunan ma, galibi a matsayin yayan mawaƙi Fela suka san shi. Amma duk uwar da ta taɓa goya jaririnta zuwa ƙaramin asibitin unguwa ko na ƙauye, ta miƙa katin awo, ma'aikacin lafiya ya duba yaron ya ba da magani ba tare da an jira babban likita ba, to ta ci moriyar tsarin da wannan mutum ya ƙarar da rayuwarsa wajen kafawa.

Yanzu da ake raba wa ƙananan asibitoci wayoyi da ƙananan kwamfutoci domin adana bayanan marasa lafiya, tarihinsa ya sake zama abin dubawa, domin matsalar da na'urorin ke neman warwarewa ita ce ya yi fama da ita da takarda da biro.

Gidan da ya fito

An haife shi a ranar 30 ga Disambar 1927 a Ijebu-Ode da ke Jihar Ogun ta yanzu. Mahaifinsa, Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, malamin makaranta ne wanda ya zama shugaban farko na Ƙungiyar Malamai ta Najeriya. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ce ta jagoranci matan Abeokuta wajen bijire wa harajin da aka ɗora musu a shekarun 1940. Ƙannensa maza biyu, Fela da Dokta Beko, duk sun yi suna wajen ja da gwamnatocin soja.

Olikoye shi ne mai sanyin hali a cikinsu. Ya yi sakandare a Abeokuta, ya wuce Yaba da Ibadan, sannan ya tafi Kwalejin Trinity da ke Dublin, inda ya kammala karatun likita a 1954. Ya ƙware a fannin cututtukan yara, ya yi aiki a asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan, daga bisani ya zama farfesa kuma shugaban sashen yara a Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas.

Darasin ɗakin yara

A ɗakin kwantar da yara na asibitin koyarwa ne ya ga abin da ya sauya masa tunani. Yawancin yaran da ke mutuwa a hannunsa, gudawa da ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro da ciwon haƙarƙari da tamowa ne ke kashe su. Duk cututtuka ne da ake iya karewa ko a magance su da ɗan kuɗi kaɗan, in an tare su da wuri. Kafin a kawo yaro babban asibiti, sau da yawa bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wanda aka sallama da rai kuma yakan koma gidan da ya kwaso cutar, ya sake dawowa bayan 'yan watanni.

Akwai misali a gabansa. Tun ƙarshen shekarun 1950, wani likita Bature, David Morley, ya nuna a ƙauyen Imesi-Ile cewa ma'aikatan jinya da ungozomomi na iya rage mutuwar yara ƙwarai, in aka buɗe musu asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, aka kuma bar katin nauyin yaro a hannun uwarsa.

A kan wannan turba Ransome-Kuti da abokan aikinsa suka buɗe asibitin iyali a Legas, inda ma'aikatan jinya ne ke duba uwa da ɗanta a rana ɗaya. Domin kada aiki ya zama na kirdado, sai aka rubuta musu littafin ƙa'ida: tambayar da za a yi wa uwa, abin da za a duba a jikin yaro, maganin da za a bayar da adadinsa, da alamar da in an gan ta dole a tura yaro gaba nan take. Irin wannan littafi ne har gobe ma'aikatan lafiya na al'umma, waɗanda ake kira CHEW da CHO, ke aiki da shi a Najeriya.

Wannan mataki bai yi wa likitoci da dama daɗi ba, don suna ganin an miƙa aikinsu ga waɗanda ba su kai ba. Shi kuwa lissafinsa mai sauƙi ne: likitocin ba su da yawa, kuma a birane suka taru. Mutumin ƙauye ko dai ya samu ma'aikacin da aka horar aka kuma ba shi ƙa'ida, ko ya koma hannun mai tallan magani a kasuwa. Aikin likita, a ganinsa, shi ne ya rubuta ƙa'idar, ya koyar da ita, ya riƙa zagayawa yana duba yadda ake bin ta, sannan ya karɓi marar lafiyar da ya fi ƙarfin na ƙasa.

Gini ba shi ne lafiya ba

A 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya cika baitulmali, gwamnatin tarayya ta fito da wani babban shiri na kai kiwon lafiya karkara, kuma yana cikin likitocin da aka ɗora wa aiwatar da shi. A takarda, kowane rukunin mutum 150,000 zai samu babbar cibiyar lafiya ɗaya, matsakaita huɗu, ƙanana 20 da asibitocin tafi-da-gidanka biyar.

Shirin bai kai gaci ba. Hankali ya tafi kan kwangilar gine-gine da sayen kayan aiki masu tsada, wasu gine-ginen ba a ma kammala su ba, jama'ar da aka yi dominsu kuma ba a shawarce su ba. Abin da ya tsira daga shirin shi ne makarantun koyon aikin lafiya da jihohi suka buɗe, waɗanda har yau suke yaye ma'aikata. Ransome-Kuti ya riƙe wannan darasi. Da ƙasashen duniya suka haɗu a Alma-Ata a 1978 suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne ginshiƙi, abin da ya daɗe yana yi ne ya samu suna.

Shekara bakwai a kujerar minista

A 1985 Janar Ibrahim Babangida ya naɗa shi Ministan Lafiya. Karɓar muƙamin ya jawo masa surutu, ganin cewa sojoji ne suka kai farmaki gidan Fela a 1977 suka jefo mahaifiyarsu daga bene, raunin da ya yi ajalinta a shekarar da ta biyo baya. Shi dai ya zaɓi ya yi gyara daga ciki, kuma ya riƙe kujerar har 1992.

A 1986 ya zaɓi ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, aka haɗa su da kwalejojin likitanci da makarantun koyon aikin lafiya domin su riƙa sa ido. A wannan karo ba da bulo aka fara ba. An fara da ƙirga jama'a da gano cututtukan da ke damun su, aka sa wa gidaje lamba, aka raba katunan lafiya da ake ajiyewa a gida, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka da gundumomi, aka horar da ungozomomin gargajiya.

A 1988 aka ƙaddamar da manufar kiwon lafiya ta ƙasa ta farko, wadda ta ɗora komai a kan matakin farko. A zamaninsa ruwan gishiri da sukari ya shiga gidaje a matsayin taimakon farko ga yaro mai gudawa, aka matsa kan shayar da nonon uwa zalla, aka fitar da jerin muhimman magunguna a 1989, aka kuma yi dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a a 1990. A 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa domin aikin ya ɗore bayan tafiyarsa.

Ba duka ne suka samu karɓuwa ba. Manufar yawan jama'a ta 1988, wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ta sha suka daga malaman addini da sauran jama'a, musamman a Arewa.

An kuma san shi da faɗin gaskiya ko da ɗaci. A 1986 ma'aikatarsa ta sanar da ɓullar cutar ƙanjamau a Najeriya, a lokacin da mutane da yawa ke cewa cutar Turawa ce. A watan Agustan 1997, bayan ya bar gwamnati, shi ne ya fito gaban 'yan jarida ya bayyana cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙaninsa Fela. Samun babban gida ya faɗi haka a bainar jama'a ya sa mutane da dama suka yarda cewa cutar gaskiya ce.

Inda aka samu tangarɗa

Alƙaluman gwamnati sun nuna cewa zuwa 1990 allurar rigakafi ta kai ga kusan kashi 80 cikin 100 na yara. Sai dai binciken da aka yi gida-gida a wannan shekarar ya gano cewa kusan kashi 30 ne kawai suka samu cikakkun allurorinsu. Abin da ke cikin rajista daban, abin da ke cikin gidaje daban.

Babban rauni kuma shi ne damƙa ƙananan asibitoci ga ƙananan hukumomi, matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi da ƙwararru. Niyyarsa ita ce a kusantar da hukunci ga jama'a. Amma da ya sauka, tallafin ƙasashen waje ya ja baya a shekarun 1990, sai magani ya ƙare, firjin ajiye allura ya lalace, masu zagayen duba aiki suka daina fita. Zuwa 2003, shekarar da ya rasu, yaran da ke da cikakken rigakafi sun koma kashi 13 cikin 100. A shekarar ce kuma aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda rashin yarda.

Abin da maƙwabta suka yi

Ra'ayin nasa bai tsaya a kan iyaka ba. Yana minista ne lokacin da ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako a 1987, wanda ya tanadi jama'a su sa hannu wajen tafiyar da ƙananan asibitoci da juya kuɗin magani. Najeriya da Nijar duk sun bi shi.

Nijar ma tana da nata tarihin, domin tun shekarun 1960 take horar da masu ba da agajin farko da ungozomomi a ƙauyukan Maraɗi. Daga 2001 gwamnatin Mamadou Tandja ta gina ƙananan gidajen likita masu yawa a karkara, a ƙarƙashin cibiyoyin da ake kira CSI, sannan a 2006 ta mayar da maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yaran ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, duk da cewa jinkirin biyan asibitoci kuɗin maganin kyautar ya riƙa kawo cikas.

Ƙasar Arewa wuri ne da ake iya ganin tsarin biyu kafaɗa da kafaɗa. Kore Mairuwa, da ke kan babbar hanyar Dosso zuwa Dogon Dutsi a gundumar Tibiri, da Kangiwa ta Jihar Kebbi, jama'a ɗaya ce mai harshe ɗaya da auratayya, iyaka ce kawai ta raba. A ɓangarorin biyu, wanda uwa ke fara tararwa idan jikin ɗanta ya yi zafi ma'aikacin jinya ne ko ma'aikacin lafiya na al'umma, da littafin ƙa'idarsa da rajistarsa.

Daga takarda zuwa na'ura

A yau Najeriya da Nijar duk suna tattara alƙaluman asibitocinsu ta manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar ginawa. A yaƙi da shan-inna a Arewacin Najeriya an yi amfani da wayoyi masu nuna inda mutum yake, domin tabbatar da cewa masu rigakafi sun shiga kowace unguwa da ruga. A Jihar Adamawa, tun 2016 aka fara ba ma'aikatan ƙananan asibitoci wata manhaja mai suna ALMANACH, wadda ke bi da su mataki-mataki wajen duba yaro. In aka lura, littafin ƙa'idar nan ne ya koma cikin na'ura, lambar gida ta koma taswira, katin awo kuma yana neman komawa waya.

Na'urar tana da amfaninta: rahoton da a da yake wata guda a hanya yanzu yana isa cikin kwana ɗaya, kuma ana iya gano ƙarewar magani ko ɓarkewar ƙyanda da wuri. Amma abubuwan da suka kayar da shirin 1975 da na bayan 1992 suna nan. Kwamfutar da aka saya ta hanyar kwangila aka ajiye a asibitin da ba wuta, ba magani, ba albashi a kan kari, ba ta da bambanci da ginin da ba a kammala ba. Alƙaluman da aka cika don faranta wa na sama rai ba sa zama gaskiya don an shigar da su manhaja. Kuma in babu likita ko babban jami'in jinya a gunduma da zai karanta rahoton, ya hau mota ya je ya zauna da ma'aikacin ya gyara masa kuskure, to bayanan za su taru ne kawai a Abuja ko Yamai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Ransome-Kuti lambar yabo ta Leon Bernard a 1986, Asusun UNICEF kuma ya ba shi ta Maurice Pate a 1990. Bayan ya bar mulki ya yi aiki da Bankin Duniya a kan inganta lafiya a Afirka. Abokan aikinsa sun shaide shi da cewa ya sauka daga kujerar minista ba tare da ya tara abin duniya ba. Ya rasu ya bar mace ɗaya da 'ya'ya uku, da dubban ƙananan asibitoci waɗanda har yanzu ke jiran irin sa idon da ya yi musu.