Fasto James MacGregor, Makiyayin Baƙi

'Yan'uwa, a wannan wata za mu ba ku labarin wani bawan Allah wanda ya bi mutanensa ƙetaren teku domin su ji Bishara da bakin iyayensu.

Kada mu zaci Turawan Birtaniya duk harshensu ɗaya ne. Mutanen duwatsun Sikotilan suna da nasu, Gelik, ɗan'uwan harshen Ailan, dukansu kuwa daga zuriyar Keltawa su ke. Talauci da tsadar hayar gona suka kori da yawansu. A 1773 jirgin ruwa mai suna Hector ya sauke waɗansu a Pictou, cikin Noba Sikoshiya ta Kanada. Shekara 13 suka yi ba mai yi musu wa'azi da harshensu. Mu nan Kwandiko, da mu ke da 'yan'uwa a zangon Kumasi da Ikko, mun san irin wannan kewa.

An haifi MacGregor a 1759. Ya isa Pictou a 1786, ya yi wa'azinsa na fari cikin wani ɗakin ajiyar hatsi, gama ba majami'a tukuna. Ran Lahadi ya kan yi wa'azi da Gelik, ya kuma yi da Turanci. Shekara 9 ya yi shi kaɗai, yana ratsa daji a ƙasa cikin ƙanƙara, yana shiga kwalekwale zuwa tsibirai. Ya kan tsara waƙoƙin yabo da Gelik bisa muryoyin da mutane suka saba da su tun gida, aka buga su a 1819.

Amma abin da ya fi taɓa mu ke nan. Ya tarar ana riƙe da baƙar fata bayi a ƙasar. Fam 27 ne kuɗin da ya fara shiga hannunsa, ya ɗauki fam 20 ya biya domin fansar wata baiwa. A 1788 ya buga wasiƙa yana tsauta wa wani fasto tsoho mai riƙe da baiwa. Mutane da yawa suka ce yaro ya yi wa babba rashin kunya. Mu dai ba mu ga laifinsa ba.

Ya rasu a Pictou a 1830. Yau masu jin Gelik a Noba Sikoshiya kaɗan ne ƙwarai, galibi a tsibirin Cape Breton, inda aka kafa makarantar koyar da shi a 1938.