Peter Debye, Masanin Da Ya Auna Jinkirin Ƙwayoyin Abubuwa

An haifi Peter Debye ran 24 ga watan Maris, 1884, a garin Maastricht na ƙasar Holan. Ya yi karatun injiniyan lantarki a Aachen ta ƙasar Jamus, ya gama cikin 1905, sa'an nan ya bi malaminsa Arnold Sommerfeld zuwa Munich, inda ya sami digirin dakta cikin 1908.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne binciken abubuwan da wutar lantarki ba ta ratsa su da sauƙi. Cikin 1912 ya bayyana cewa a wasu ƙananan ƙwayoyi, kamar na ruwa, lantarkin da ke jikinsu ya fi rinjaya a gefe guda. Saboda haka idan aka sa su tsakanin faranti biyu masu ɗauke da lantarki, sai su juya kamar allurar kamfas. Cikin 1913 kuwa ya nuna cewa ba nan take suke juyawa ba, sukan yi ɗan jinkiri wanda ake iya aunawa. Idan lantarkin yana sauya alkibla da saurin da ya yi kusa da wannan jinkiri, ƙwayoyin sukan riƙa bin sa a baya, ƙarfi mai yawa ya salwanta ya zama zafi.

Ko da yake a kan ruwa-ruwa ya gina lissafinsa, masu binciken tangaran ma da shi suke awo. Da irin tangaran ɗin nan na bariyam titanet ake ƙera kafasita, watau 'yar ma'ajiyar lantarki da ke cikin rediyo da wayar hannu. Wajen gashi, wasu ƙwayoyin oksijin sukan fice su bar gurabe. Idan tangaran ya ɗauki zafi ƙwarai, ƙwayar da ke maƙwabtaka sai ta faɗa cikin gurbin ta bar nata, ta haka gurbin yake tafiya. Wannan tafiya ma tana da nata jinkiri, wanda yake raguwa gwargwadon ƙaruwar zafi, kuma daga yadda yake raguwa ake lissafa ƙarfin da ƙwayar ke bukata kafin ta motsa. Sanin haka yana da amfani, domin idan gurabe suka taru a gefe guda, kafasita takan fara yoyon lantarki har ta lalace. Ba safai tangaran yake bin lissafin Debye sau da ƙafa ba, amma da lissafin ake gane iyakar bauɗewarsa.

Bayan ya koyar a Zurich da Utrecht da Göttingen da Leipzig, Debye ya koma Berlin, inda ya shugabanci Cibiyar Fiziks ta Kaiser Wilhelm. Yana can aka ba shi lambar yabo ta Nobel a ilmin kimiyyar haɗa magunguna cikin 1936. Zamanin mulkin Nazi ne kuwa. Cikin 1938 ya taimaka wa Lise Meitner ta tsere daga Jamus, amma a watan Disamba na shekarar, a matsayinsa na shugaban ƙungiyar masana fiziks ta ƙasar, ya sa hannu a takardar da ta nemi Yahudawa su fita daga ƙungiyar. Da hukuma ta matsa masa ya zama ɗan ƙasar Jamus sai ya ƙi, ya tafi Amurka cikin 1940, ya kama aiki a Jami'ar Cornell. Ya rasu a Ithaca ran 2 ga watan Nuwamba, 1966.

Takardar nan ta tayar da ƙura cikin 2006, har Jami'ar Utrecht ta cire sunansa daga cibiyar bincikenta. Bayan wani kwamiti ya duba al'amarin, aka mayar da sunan cikin 2008. Har yanzu kuma da sunansa ake kiran ma'aunin rinjayen lantarki a jikin ƙwayoyi.