Abul Ƙasim Az-Zahrawi, lokotoron da ya duba ƙafafun ƴan dako

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata da ke yini tsaye bakin tukunyar tuyar ƙosai, da ƴan kasuwa masu tebur, yau tarihin wani bawan Allah muka kawo muku, wanda ya san ciwon ƙafafunku shekara dubu da ta wuce.

Sunansa Abul Ƙasim Halaf ɗan Abbas Az-Zahrawi. An haife shi wajen shekara ta 936 a Andalus, ƙasar Ispaniya ta yau, kuma sunan nasa ya fito daga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da ke kusa da Ƙurɗuba. Ya yi aikin magani a zamanin halifa Al-Hakam na biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976. Abin da ya bari shi ne littafin At-Tasrif mai kashi 30. Kashi na ƙarshe kan aikin fiɗa yake, da zanen kayan aiki kusan 200.

To, ina ruwanmu da shi? A ƙarƙashin fatar ƙafa akwai manyan jijiyoyin jini biyu. Babbar tana tasowa daga bayan sawu, ta bi gaban idon sawu ta ciki, ta hau har gindin cinya. Duk jikin ɗan Adam babu jijiyar jini da ta kai ta tsawo. Ƙaramar kuwa ta bayan idon sawu na waje take bi, ta hau sharaɓa, ta nutse a bayan gwiwa. Aikinsu maida jini sama wajen zuciya. Idan suka gaza, sai su kumbura, su yi tsanwa-tsanwa, su murɗe kamar igiya. Larabawa na ce musu dawali.

Az-Zahrawi ya lura cewa abin ya fi kama ƴan dako, manoma da ƴan aike masu doguwar tafiya a ƙafa. Ga yadda yake yi: a gasa ƙafar da ruwan zafi har jijiyar ta fito sarai, a tsaga fata kaɗan, a ɗago jijiyar da ƙugiya, a sake tsagawa gaba, a yi ta zare ta har ta fita. Ku tuna fa, lokacin babu allurar kashe zafi irin ta yanzu. Mu dai da muka karanta, sai da jikinmu ya yi yar!

Dalilin ciwon ne bai gano daidai ba. Shi ya ɗauka wani baƙin ruwa ne ke taruwa a jijiyar, kamar yadda masana zamaninsa suka yarda. Sai a 1603 wani masani a Italiya, Fabirisiyus, ya buga bayanin ƴan ƙananan marufai da ke cikin jijiyoyin. Daga baya aka fahimci su ne ke hana jini komawa ƙasa, kuma idan suka saki, tsayuwa mai tsawo, ciki da ƙiba na ƙara tsananta abin. Amma cire jijiyar da ta lalace, har yau lokotoroci na yin sa, ko da yake yanzu akwai masu toshe ta da zafi daga ciki.

A ƙarni na 12 aka juya kashin fiɗar zuwa Latin a birnin Toledo, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi, suna kiran mai shi Albukasis. Ya rasu wajen 1013, bayan yaƙin basasa ya rusa Madinatuz Zahra. Har yanzu akwai titi mai sunansa a Ƙurɗuba.