Charlie Chaplin: Mutumin Da Ya Sa Duniya Dariya Bai Ce Uffan Ba

A kwanakin baya na tarar da yarana sun taru a kan waya suna ta ƙyaƙyata dariya. Da na leƙa, sai na ga fim ɗin The Gold Rush ne na 1925, daidai wurin da yunwa ta sa Charlie Chaplin ya dafa takalminsa, ya zauna yana ci cikin natsuwa da wuƙa da cokali mai yatsu, yana tsotsar ƙusoshin kamar ƙashin kaza. Mai karatu, me ya hana wannan barkwanci tsufa, alhali na jiya-jiya ma ya salance?

Amsar tana cikin tarihin mutumin. An haife shi a Landan ranar 16 ga Afrilu, 1889. Giya ta lalata mahaifinsa, mahaifiyarsa mawaƙiya kuma ta sami taɓin hankali, har aka kai shi gidan gajiyayyu yana ɗan shekara bakwai. Saboda haka da ya fara fim a kamfanin Keystone na Amurka a 1914, ya fito da ƙaton takalmi da matsattsiyar kwat da 'yar sanda, yunwar da ya sani ce ya shigo da ita, tare da halin talakan da ya ƙi yarda mutuncinsa ya zube. Wa bai san irin wannan mutum a unguwarsu ba?

Mu masu nazarin harshe mun san cewa raha ta baki tana rataye ne da zamaninta: salon magana ya shuɗe, ita ma ta bi shi. Ko barkwancin marigayi Ibro sai mai kunnen Hausa ke jin gishirinsa. Ga alama Chaplin ya gane haka, domin bayan fitowar fim mai magana a 1927 ya turje, ya yi City Lights a 1931 babu zance. Da aka fara jin muryarsa a Modern Times a 1936, waƙa ya rera da ƙagaggun kalmomi waɗanda ba na kowane harshe ba ne.

Da ya buɗe baki sosai kuwa, ya ɗanɗana kuɗarsa. Ya yi wa Hitler ba'a a The Great Dictator a 1940, daga baya aka zarge shi da ra'ayin gurguzu, a 1952 kuma Amurka ta soke izinin komawarsa yana cikin jirgin ruwa a hanyar Ingila. Shi ma dai ba waliyyi ba ne. Aure-aurensa da 'yan mata masu ƙananan shekaru sun jawo masa suka, kuma sukan na da hujja.

Ya tare a Siwizalan, bai sake taka Amurka ba sai 1972, lokacin da aka ba shi lambar girmamawa ta Oscar. Ya rasu ranar 25 ga Disamba, 1977. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki wasu mutum biyu suka tone akwatin gawarsa suna neman kuɗin fansa, sai bayan mako 11 aka gano shi binne a wata gonar masara.